Yadda ake tantance keken saiklokuros na gwanjo kafin a mayar da shi keken titi

A cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai akwai wani iri da yakan rikita mai saye. Kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, irin na keken tseren titi, amma tayoyinsa masu gudaji-gudaji ne, kuma tsakanin taya da firam akwai filin da yatsa zai shige ya fita. Wani dillali zai ce maka na tsere ne, wani ya ce na daji ne. Keken saiklokuros ke nan, mu taƙaita mu riƙa ce masa keken kuros. Ga wanda yake tambaya ko irin wannan keke ya dace da hawan motsa jiki ko doguwar tafiya a kan kwalta, amsata ita ce e, ya dace, kuma a titin da ramuka suka cinye ya fi keken titi na ainihi daɗin hawa. Sai dai akwai sharaɗi biyu: firam ya zama lafiyayye daidai tsawonka, kuma ka lissafa kuɗin gyara kafin ka taya.

Sanin aikin da aka ƙera shi dominsa shi zai nuna maka inda za ka duba. Kuros tsere ne na lokacin sanyi, daga kaka zuwa ƙarshen hunturun Turai, ana zagaya fili mai tsawon kilomita 2.5 zuwa 3.5, cikin taɓo da ciyawa da yashi, kusan awa ɗaya. Inda hanya ta ƙi hawuwa sai ɗan tsere ya dire, ya saɓa keken a kafaɗa ya yi gudu da shi. An fara gasar duniya a Paris a 1950, Jean Robic na Faransa ya ci, amma yau gidan wasan shi ne Beljiyam da Holan. Mathieu van der Poel da Wout van Aert, waɗanda suka yi fice a manyan tseren titi, a taɓon kuros suka tashi. Saboda wannan aiki ne aka ɗaga mazaunin feda, wato inda sandar da ke juya feda ta ratsa firam, sama kaɗan don kada feda ta riƙa dukan ƙasa, aka buɗa firam don taɓo ya samu wurin wucewa, aka rage girman giya, aka kuma bi da wayoyi ta saman sandar sama a tsofaffin samfura don kada su cuci kafaɗa. Wili kuwa girmansa ɗaya da na keken titi, wato 700c. Wannan shi ne dalilin da ya sa mayar da shi na kwalta ba shi da wuya.

Da farko, gane wane irin keken kuros ne a gabanka

Iri biyu ne, kuma masu sayarwa ba sa bambancewa. Akwai na tsere zalla, kamar Ridley X-Night, Cannondale SuperX ko Trek Boone, yawanci na kabon (wani haɗi mai ƙarfi da ba ƙarfe ba), marasa nauyi. Akwai kuma na aiki da wasa, kamar Surly Cross-Check na ƙarfe, Specialized Tricross, Kona Jake da Cannondale CAADX, waɗanda mutane da yawa suka saya don zuwa wurin aiki, ba su taɓa ganin filin tsere ba.

Tsuguna ka duba sandar ƙasa da ta sirdi: akwai ramukan noti na ɗaura gorar ruwa? Wasu tsofaffin firam na tsere ba su da ko ɗaya, domin mai tseren awa ɗaya cikin sanyi ba ya buƙatar ruwa. Kai kuwa da za ka yi awa uku a rana, rashin wurin gora ba ƙaramar matsala ba ce. Ana iya ɗaurawa da maɗauri, amma yakan zame kuma yana cin fenti. Duba kuma kusa da inda wilin baya yake zama ko akwai ƙananan ramuka na ɗaura kariyar ɗaukar kaya da murfin taya. Idan kana da niyyar ɗaukar jaka ko kaya, kada ka sayi wanda ba shi da su. Ni dai na fi son na aiki da wasa ga wanda titi zai hau: ya fi nauyi, amma bai sha wahalar da na tsere ya sha ba.

Na biyu, tsawo

Wannan ba ya gyaruwa da kuɗi, don haka kada ka ɓata lokacin duba giya a keken da ya fi ƙarfinka. Lambar girman firam da aka rubuta a jiki, 54 ko 56, tana iya yaudara, domin da yake mazaunin feda ya ɗaga, sandar sama ma ta ɗaga, sai ka ga 56 na kuros ya fi 56 na titi tsayi. Ka tsallaka shi ka tsaya, ƙafafu biyu a ƙasa: ya kamata a samu tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninka da sandar. Sannan ka hau, wani ya riƙe maka, ka sa diddige a kan feda tana can ƙasa, ka daidaita sirdi har ƙafar ta miƙe. Ka ɗora hannu a kan kawunan birki. Idan sai ka miƙe gwiwar hannu gaba ɗaya kafin ka kai, ko kana jin wuyanka yana ɗaurewa, ya yi maka tsawo. Bambancin santimita ɗaya ko biyu ana gyara shi da sauya ƙarfen da ke riƙe kai, fiye da haka a haƙura.

Tun da ka kwance notin sirdi, ka lura ko sandar ta motsa. Sandar alminiyom da ta shekara cikin firam na ƙarfe ba giris takan manne, wani lokaci sai an yanka. Idan mai keken ya ce "ai ɗan bugu kawai take so," ka ce masa, "To Alhaji, a buga mu gani tukuna."

Na uku, firam da fok

Nan ne za ka daɗe. Ba a cinikin biri a sama: hoton da aka turo maka ta waya ba zai nuna tsaga ba. Ka nemi tsumma ka goge keken, ka fito da shi rana.

Idan alminiyom ne, bi kowace walda da ido da farce, musamman a wuya, a gindin mazaunin feda, da inda sandunan baya suka haɗu da shi. Tsaga takan fito kamar siririn gashi mai duhu wanda tsumma ba ya gogewa. Alminiyom da ya tsage ya gama aiki. Mai walda na bakin titi zai ce zai iya, amma wurin zai sake buɗewa, kuma ba ka san ranar ba. Idan ƙarfe ne, tsatsar waje ba komai ba ce, ta ciki ake tsoro: ciro sandar sirdi ka haska da fitilar waya. Ka shafa ƙarƙashin sandar ƙasa dab da wuya. Idan fenti ya tattare ko ka ji ɗan kumburi, keken ya taɓa yin karo da gaba, ka bar shi. Idan kabon ne, nemi wurin da fenti ya tsattsage ko ya yi laushi in ka danna, ka ƙwanƙwasa da kwabo ka saurari inda sauti ya mutu. Wannan gwaji ba ya kama kowace ɓarna, shi ya sa nake ganin wanda bai saba da kabon ba gara ya tsaya a alminiyom ko ƙarfe.

Wurare biyu ne keken kuros ya fi jin jiki. Ɗaya shi ne sandar baya ta dama, bayan farantin gaba, inda sarƙa takan maƙale cikin taɓo ta yagi firam. Ɗayan kuma cikin fok, wato reshe biyun da ke riƙe wilin gaba, da cikin sandunan baya, inda taɓo da tsakuwa suka yi ta gogawa. Ciro wili ka leƙa. Fenti da ya goge ba laifi, rami a jikin firam laifi ne.

Don sanin ko firam ya karkace, ɗaura zare daga mazaunin wilin baya na hagu, ka zagayo da shi ta wuya, ka dawo na dama, sannan ka auna tazarar zaren da sandar sirdi a kowane ɓangare. Su zo daidai ko kusa da haka. Ka kuma juya keken ka karanta lambar da aka buga a ƙarƙashin mazaunin feda. Idan an kankare ta, ka yi sallama da mai shi ka wuce, kuma ko ba a kankare ba, a rubuta ta a rasit.

Na huɗu, boris

'Yan kuros suna wanke keke da injin feshin ruwa mai ƙarfi, wani lokaci ana cikin tsere ma, kuma ruwan yana kora giris daga cikin boris. Keke zai yi ƙyalli a waje alhali cikinsa ya bushe. Matse birkin gaba ka riƙa tura keken gaba da baya, ɗaya hannun a kan wuya: idan ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin wuya ya saki ko ya mutu. Kama hannun feda ka girgiza shi gefe da gefe, bai kamata ya motsa ba. Sauke sarƙa daga faranti ka juya feda a hankali. In ka ji kamar yashi a ciki, akwai sauyi a gabanka. Mazaunin feda mai zare, wanda ake murɗawa, kowane mai gyara zai iya da shi. Wanda ake dannawa da ƙarfi, irin su BB30 da PF30, yana son kayan aiki na musamman kuma ya yi suna wajen ƙara. Ɗaga kowane wili ka juya shi, ka girgiza shi gefe, ka matsa sifok biyu-biyu ka ji ko akwai sakakku.

Na biyar, birki

Shekarar keken takan nuna a nan. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta birkin faifai a kuros a 2010, kuma cikin 'yan shekaru ya mamaye kasuwa. Kafin nan ana amfani da birkin kantiliba, mai hannaye biyu da waya ta haɗa su a sama da taya. Kantiliba ba shi da ƙarfin birkin keken titi idan ba a saita shi da kyau ba, kuma a fok na kabon yakan sa gaban keke karkarwa in ka matse da ƙarfi. Ka gwada wannan a gangara kafin ka biya. Maganinsa sanannen abu ne: sabuwar roba, a karkata ta yadda bakinta na gaba zai fara taɓa rim, a mayar da maratayar waya kan fok maimakon can saman wuya. In duk ya ƙi, a sa ƙaramin birkin V mai gajerun hannaye, wanda yake aiki da hannun birkin titi. Kada ka yarda a sa maka dogon birkin V na keken dutse, jan wayarsu ba ɗaya ba ne, hannun zai taɓo kai birki bai kama ba.

Mai kantiliba ka shafa gefen rim. Taɓo da roba suna cin alminiyom. Idan gefen ya lotsa ciki, rim ya kusa fashewa, kuma sabon wili kuɗi ne da za ka cire daga farashi.

Birkin faifai iri biyu ne, na waya da na mai. Na waya, irin Avid BB7 ko TRP Spyre, shi nake zaɓa wa wanda yake nesa da ƙwararren mai gyara. Na mai ya fi kamawa, amma idan hannun ya yi lagwaf-lagwaf sai an fitar da iska, kuma birkin kamfanin Shimano man ma'adinai nasa yake sha, na kamfanin SRAM na wancan zamani kuwa man DOT irin na mota. Aka musanya su, robobin ciki sun lalace. Faifan Shimano idan kaurinsa ya sauka zuwa milimita 1.5 ya ƙare.

Wani abin lura ƙarami mai kayar da mutum: gwada wane hannu ne yake kama gaba. Kekunan Ingila dama ce gaba, yawancin na sauran Turai da Amurka hagu, wasu 'yan kuros kuma da gangan suke juyawa.

Na shida, sarƙa da giya

Abin da ya fi tsada a jikin keken bayan firam da wili shi ne hannun birki, domin shi ne kuma yake sauya giya. Ɗaga bayan keken ka bi giya ɗaya bayan ɗaya, hawa da sauka. Idan hannun yana tafiya a banza ba ya cewa ƙas, sau da yawa tsohon giris ne ya daskare a ciki, feshin mai yana farfaɗo da shi. In an fesa bai dawo ba, cikin ya karye, kuma samun wanda ya dace da shi sai an sha nema. Tsaya a bayan keken ka dubi masauyin giya na baya: ya sauko a miƙe, ko ya karkata wajen sifok? Kunnen da yake rataye a jiki yakan lanƙwashe a faɗuwa, kuma kowane samfuri da irin nasa.

Sarƙa a auna ta. Sabuwa, gaɓa 12 cikakku inci 12 ne cif. Idan ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, a sauya. Idan ta kai ɗaya cikin 8, ta riga ta cinye haƙoran baya, sai a sauya su tare, in ba haka ba sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle.

Yanzu batun da aka fi yi wa keken kuros gori a kai, wai giyarsa ta yi ƙanƙanta. Yawancinsu farantin gaba biyu gare su, mai haƙori 46 da mai 36, na titi kuwa 50 da 34 ko sama. Mu yi lissafi da taya mai milimita 28, kana juya feda sau 90 a minti. Faranti 46 da haƙori 11 a baya zai ba ka kusan kilomita 48 a awa. 50 da 11 kusan 52. Wa yake riƙe 48 a shimfiɗaɗɗiyar hanya in ba ɗan tsere ba? Don haka 46 ya ishe ka har da saura. Inda 46/36 yake gazawa shi ne hawa: faranti 36 da haƙori 28 a baya ya yi nauyi a doguwar tudu, irin hanyoyin Jos. Idan tazarar notin faranti milimita 110 ce, ana iya cire 36 a sa 34, gyara mai araha. Sa 50 ma yana yiwuwa, amma sai an ɗaga masauyin gaba an ƙara tsawon sarƙa, kuma ban ga ribarsa ga yawancin mutane ba.

Sababbin samfura da yawa faranti ɗaya gare su, 40 ko 42. Faranti 40 da 11 kusan kilomita 42 ne a awa, a gangara ƙafarka za ta riƙa juyawa a banza. Mai hawa shi kaɗai ba zai damu ba, mai bin ayarin masu gudu zai damu. Ana iya sa 44 in bai taɓa firam ba.

Na bakwai, taya, wadda ita ce ainihin aikin

Duk nauyin da ake ji a keken kuros a kan kwalta daga taya yake. Gudajin nan suna lanƙwashewa a ƙarƙashinka, suna ƙugi, suna cin ƙarfi, a kwana kuma suna sa keke rawa, ga saurin cinyewa. Ka sa sumul ka ga kamar an sauya maka keke.

Amma kafin nan tabbatar da irin rim. 'Yan tsere da yawa suna amfani da tayar da aka ɗinke tub a cikinta aka manna ta a rim da gam. Sace iskar ka tura tayar gefe da babban yatsa: idan ta buɗe ka ga cikin rim da tub, to irin wadda aka sani ce. Idan ta ƙi rabuwa da rim, ka ga busasshen gam a gindinta, mannanniya ce, mai faci ba abin da zai iya yi mata, kuma wannan rim ba ya karɓar taya ta yau da kullum. Sai dai a nemi wasu wili, kuma su ma sai sun dace da faɗin bayan firam: milimita 130 a yawancin masu kantiliba, 135 ko 142 a masu faifai.

Faɗin tayar da nake ba da shawara shi ne milimita 32. A titi mai santsi 28 ta yi, amma inda ake hawa kwalta a sauka kan jar ƙasa a koma, 32 zuwa 35 ce ke ceton rim da ƙugu. Dokar UCI ta tsaida tayar tsere a 33, sai dai yawancin firam suna ɗaukar 35 mai sumul ba matsala. Wannan fili shi ne fifikon keken kuros a kan tsohon keken titi da ba ya wuce 25 ko 28. Inda tsidau da gutsuren kwalba suka yi yawa, nemi mai kariya a ciki, kamar Schwalbe Marathon ko Continental Gatorskin. Marathon ta fi nauyi, amma ba ta cika hujewa ba.

In za ka saya, kada ka ce "taya 28" kawai. Karanta lambar jikin taya: 32-622 ko 28-622. Tayar tsohon baƙin keke irin Raleigh ita ma 28 ake ce mata, amma 635 ce, ba za ta zauna ba. Mai inci 27 kuma 630 ce, ita ma haka. Bawul ɗin kuma yawanci siriri ne, nau'in Presta, bututun mai faci ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi na tagulla. Ka saya ka ajiye a aljihu, ko ka mallaki famfo naka mai agogo. Mutum mai kilo 70 a kan taya 32 ya fara da awon PSI 55 zuwa 60 a agogon famfo, a kan 28 kuwa wajen 70 zuwa 75, ya ƙara ko ya rage gwargwadon nauyinsa. Mai faci ya saba cikawa har ta yi tauri kamar dutse, ka tsaya a kansa.

Hawan gwaji da ciniki

Hau shi aƙalla minti goma. Za ka ji kana zaune sama kaɗan fiye da keken titi, a kwana mai gudu kuma bai kwanta kamar shi ba. Wannan halinsa ne, jiki yana sabawa. Abin da ba hali ba ne shi ne keke ya riƙa ja gefe ɗaya in ka sassauta hannu, ko ƙara ta fito duk lokacin da ka miƙe ka taka da ƙarfi. A juyawa a hankali ka lura ko yatsun ƙafarka suna taɓa tayar gaba, musamman a ƙananan firam. Idan fedar irin mai kama takalmi ce kuma ba ka da takalminta, a sa maka ta yau da kullum.

Sannan ka zauna da biro: tayoyi biyu da tub, sarƙa, wataƙila haƙoran baya, robar birki, wayoyi, naɗin kai, boris ɗin da ka ji yana ƙara, da ladan mai gyara. Ka tambayi farashinsu a inda za ka iya samunsu da gaske, ka haɗa da kuɗin keken. Idan jimlar ta kamo kuɗin keken titi na gwanjo mai lafiya wanda yake ɗaukar taya 32, ko keken tsakuwa irin na zamani mai ramukan gora da kariya, babu dalilin nacewa. Idan ta yi ƙasa sosai, ka nuna wa mai keken takardar ka ce, "Maigida, ga abin da zan kashe a kansa, a duba a rage." In ya ce albarka, ka ƙara kaɗan a kan abin da ka taya, amma kada ka sauka daga kan batun rim da ya lotsa ko hannun giya da ya mutu.

Bayan ka kai shi gida, a kwance boris duka a sa sabon giris ko da ba su yi ƙara ba, a shafa wa sandar sirdi giris idan firam ɗin ƙarfe ne ko alminiyom, kabon kuwa man shafawarsa daban ne. Sarƙa kada ta ga baƙin mai. Da ƙurar hunturu zai haɗu ya cinye ta cikin 'yan watanni. Man sarƙa mara danƙo, ɗigo a kowace gaɓa, a goge saura da tsumma. Tsofaffin tayoyin masu gudaji kuma a rataye su a inuwa, za su yi amfani da damina in za ka bi hanyar ƙauye.